Yatsan Baba Ogada

Kwana uku suka rage a rufe karɓar ƙorafi, amma takardar Awiti fara fat, ko sa hannu ɗaya babu. Wani kamfani ne zai kafa benaye masu hawa ashirin a bakin tafki a Kisumu, daidai filin da take shanya ƙananan kifin omena tun rasuwar mijinta. In filin ya tafi, ita da 'ya'yanta huɗu sai dai su ci iska.

Ba wai mutanen unguwar ba su damu ba ne. A taro kowa kumfar baki yake. Sai dai a danginsu ba a shuka sai babba ya shuka, ba a girbi sai ya girba, to wa ya isa ya sa hannu kafin Baba Ogada? Shi kuwa yana kwance a asibiti, bai san inda kansa yake ba.

"Haba jama'a, takarda ce fa, ba gona ba!" in ji Awiti, kamar ta yi kuka.

Omolo, ƙanin mijinta, ya taɓe baki. "Ke 'yar Seme, aure ya kawo ki nan. In na riga tsoho, ciwo ya faɗo gidana, ke za ki yi jinya?"

Ranar Juma'a, ranar ƙarshe, da safe ta jefa tawada a jaka ta nufi asibiti. Ta kama babban yatsan tsohon, ta shafa masa tawada, ta dangwala a layin farko. Kunya kamar ta nutse. "Ka yafe mini, Baba," ta ce.

"Da bakinsa ya yarda?" Omolo ya tambaya da ta dawo.

"Har albarka ya sa muku."

Kafin ƙarfe uku mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun sa hannu. Ta haye acaɓa, ta isa ofis saura minti goma a tashi.

Magatakarda ya duba sunan farko, ya dube ta. Ya jawo wani fayil ya buɗe.

"Mama, wannan dattijon ai shi ya sa hannun ba da filin a madadin danginku, tun watan Janairu. Ga shi nan."

Awiti ta dafe tebur.

"Ɗana," ta ce, "to gobe a ina zan shanya kifin?"