Kwalbar Yis a Bakin Taga

Duk Tasawa an san masar Fatsuma, ita ma kuma ta san an sani. Shekara ashirin tana bakin tasha da tandarta, kullunta bai taɓa ƙin tashi ba. To, ita ce ƙanenta Lurwanu ya bar wa amanar kifinsa lokacin da aka tura shi garin Attantane tsaron jarrabawa na kwana uku.

Kifin ba na miya ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne guda goma sha ɗaya, masu ja da shuɗi, cikin akwatin gilashi cike da ruwa da ganyaye kore shar, a falon gidansu. Lurwanu malamin makaranta ne, mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Da matarsa Mardiya ta rasu shekara uku da suka wuce, wata huɗu ya yi a ɗaki, ƙofa rufe. Fatsuma ta ajiye tuwo a bakin ƙofar, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Akwatin nan, da wani abokinsa ya kawo masa daga Maraɗi, shi ya fito da shi. Mutane na dariya, wai a garin da ake layi a famfo wani yana noman ciyawa cikin ruwa. Fatsuma ma ta taya su dariyar, amma a ranta tana tsoron ranar da wani abu zai sami akwatin nan.

Kafin ya tafi ya tsayar da ita ya nuna mata komai. Ga wani ɗan inji mai tace ruwa, yana aiki da kuran, wato wutar lantarki, yana zubo ruwa yana motsa saman akwatin. Ga kwalbar roba a ƙasa, cikinta ruwa da sukari da yis, da siririn tiyo da ke kai iskarta cikin akwatin, kumfa ɗaya bayan ɗaya.

"Iskar ga sunanta se-o-de, Yaya, abincin ganye ce," in ji shi. "Amma in ta yi yawa, shaƙe kifi takai. Motsin saman ruwa shi ka hidda ta. Ki dubi ɗan gilashin ga da ke maƙale ciki. In ruwanshi kore ne, lahiya lau. In ya koma ruwan ɗorawa, akwai matsala. Ki ba su abinci kaɗan da sahe, kada ki taɓa komi."

"Mushe, ni za ka koya ma yis?" ta ce. "Tun kana tsumma nike tada kullu."

Kwana biyu lafiya lau. Safiya ta uku ta dawo daga tasha, ta leƙa, ta ga kumfar da ke fita daga tiyo ta yi sanyi. Sai an daɗe ɗaya ta ɓullo, kamar ba ta so. Duk mai masa ta san abin da wannan yake nufi, kullu ya fara mutuwa. Kuma duk mai masa ta san maganinsa. Ba ta ko tsaya shawara ba. Ta buɗe kwalbar, ta zuba yis cokali biyu daga nata, ta ƙara sukari da ruwan ɗumi, ta girgiza, ta ja tiyon ta ɗora kwalbar a bakin taga inda rana ke dukanta. Kafin ta gama wanke tanda kumfa ta tashi, tana fita a jere babu tsayawa. Fatsuma ta yi murmushi, ta ce ai hannu ya san aikinsa.

Wajen ƙarfe goma sha biyu aka ɗauke kuran. Injin ya yi shiru, saman ruwa ya kwanta sumul. Ba ta damu ba, ɗauke wuta a watan Yuni ai ba labari ba ne. Ta yi girki, ta yi sallar azahar, sannan ta shigo falo neman mafici.

Kifin duk suna sama. Sun jeru a ƙarƙashin fatar ruwa, bakuna a buɗe, suna haƙi. Ɗaya ya karkata gefe, yana juyawa a hankali. Ɗan gilashin nan ya zama ruwan ɗorawa sak.

"Innalillahi!" Ta fizge tiyon daga ruwa, warin tsami ya bugi hancinta. Ta ɗauko salula, ta kira Lurwanu. A kashe. Ta tuna ya ce ana karɓe wayoyinsu a ɗakin jarrabawa. Ta sake kira duk da haka, sau huɗu. Idonta ya kai kan ƙofar ɗakinsa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ta yi zaton ta rabu da shi.

Ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira ta kan katanga. Husaina ta shigo da gudu, gyale a hannu.

"Mi ya hwaru?"

"Na kashe mishi kihi, Husaina. Da hannuna."

Husaina ta duba, ta riƙe haɓa. "Mu kwashe su mu sa cikin roba mana."

"Wace roba? Ya ce ruwan hwamfo kashe su yakai."

Suka tsaya cirko-cirko. Wanda ya karkata ɗin ya daina juyawa. Fatsuma tana ta maimaita maganar Lurwanu a ranta, tana neman inda za ta kama. Motsin saman ruwa shi ke fidda ta. Injin ne ke motsa shi, injin kuma ya mutu. Ta dubi hannuwanta. Ta ruga madafa ta ɗauko ludayin duma, wanda take sheƙa kunu da shi in ya yi zafi. Ta ɗauraye shi, ta ɗebi ruwan akwatin daga kusurwar da babu kifi, ta ɗaga hannu sama ta sake shi. Ruwa ya faɗo da kumfa. Ta sake ɗiba.

"Kunu kike hucewa?" in ji Husaina.

"Ki rufa mini baki, ki ɗauko ruwan randa. Na jiya, wanda ya kwana, ya ce shi ba ya kashe su."

Suka rage na akwatin kaɗan, suka ƙara na randa mai sanyi, kofi-kofi. Sannan sheƙa kawai. Ɗiba, ɗagawa, saki. Zufa ta jiƙa mata riga, kafaɗa ta fara zugi. Husaina ta karɓe ta, ta yi abin da za ta iya, ta tafi ɗora sanwa. Fatsuma ta ci gaba ita kaɗai, ta canza hannu, ta sake canzawa. Tana jin kiran la'asar ta ajiye ludayi, ta yi sallar da ba ta taɓa yi da sauri irinta ba, Allah ya yafe mata. Ɗan gilashin bai canza ba, ko kuma idonta ne ya daina gani. Can dai kifi ɗaya ya bar sama ya nutsa cikin ganye. Wani ya bi shi. Biyu kuwa ba su bi kowa ba, ta tsamo su ta ɗora a murfin kwano.

Tana cikin sheƙa ta ji sallamar Lurwanu. Ya shigo da jakarsa a kafaɗa, gajiyar mota a fuska. Ya dubi kwalbar a bakin taga, ya dubi injin da ke shiru, ya dubi murfin kwano. Ya daɗe yana duban murfin.

"Ni ce, Lurwanu," ta ce, muryarta a dishe. "Na ga ta yi sanyi, na tada ta kamar kulluna. Ka ce kada in taɓa, na taɓa."

Ya wuce ɗakinsa, ƙofa ta rufu.

Hawaye suka zubo mata, amma hannunta bai tsaya ba, don akwai tara da suka rage. Ta ɗiba, ta ɗaga, rabin ruwan na zuba a zaninta saboda gajiya. Har ta fara tunanin kwanon da za ta ajiye a bakin ƙofar nan anjima.

Sai ta ji ƙarar ƙofa. Ya fito ya tuɓe rigar tafiya, ya naɗe ƙafar wando. Ya durƙusa kusa da ita, ya ƙirga kifin da ɗan yatsa, sau biyu.

"Tun yaushe kike wanga aiki?"

"Tun azahar."

Ya kama ludayin. Yatsunta sun ƙage a kan mariƙin, sai da ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Zamna, Yaya," ya ce. "Nuna mini iya tsawon da kike ɗagawa."