Gilashin Kaka

Abin ya fara ne ranar Larabar da aka kai Kaka asibiti ba ta dawo ba. Tun daga ranar Auta, 'yar shekara shida, ta daina magana, ta kuma daina wasa.

Umma malamar makaranta ce, ta saba tambayar yaro har sai ya amsa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta duƙufa da addu'a. Da aka cika wata uku, sai ta kai Auta wurin likitar da ke duba damuwar yara.

Ɗakin babu gado, babu allura. Tabarma ce, da faffaɗan tire cike da yashi, da kwandon 'yan tsana da tarkace.

"Likita, ni fa magani na zo nema," in ji Umma. "In don yashi ne, akwai shi a ƙofar gida."

"Yaro da hannu yake fara magana, Malama. Zauna can, kada ki gyara mata komai."

"Ko ta yi ba daidai ba?"

"Yau dai a ajiye jan biro."

Mako uku Auta tana maimaita abu guda. Takan ɗauki 'yar tsana mai kamar tsohuwa, ta binne wani maɓalli a cikin yashi, sannan ta ture tsohuwar ta faɗi. Umma tana kallo, tana jan carbi, tana danne harshenta.

A mako na huɗu likita ta tayar da 'yar tsanar, ta yi muryar tsofaffi. "Wai ni 'yar nan, me kika ɓoye mini ne?"

Auta ta daɗe tana kallon yashin.

"Gilashinki," ta ce, muryarta a dishe. "A takalmin Abba. Shi ya sa ba ki ga hanya ba, kika faɗi."

Carbin ya tsaya a hannun Umma. Wasansu ne na kowace safiya, jika ta ɓoye, kaka ta nema tana zolayarta. Ashe kusan wata huɗu yarinyar nan tana ɗauke da wannan dutse ita kaɗai.

Likita ta miƙa wa Umma 'yar tsanar. Umma ta durƙusa a kan tabarma, ta nemo muryar mahaifiyarta.

"Ke ɓarauniya, ai na gano shi! Warin takalmin ubanki ne ya tona miki asiri. Yana idona lokacin da na faɗi. Ciwo ne, ƙawata, kuma wa'adi ne ya cika."

Gaskiya ta faɗa. Ita ce da hannunta ta cire shi daga fuskar Kaka a motar asibiti.

"Da gaske, Umma?"

"Da gaske, Allah shaida."

Auta ta tono maɓallin, ta hure yashin da ke jikinsa, ta ɗora wa tsohuwar a cinya. Sannan ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

A cikin bas ba ta sake cewa uffan ba, sai dai tana ta wasa da igiyar jakar Umma. Likita ta ce kada a yi gaggawa, su dawo mako mai zuwa.

Gilashin yana cikin durowa, a naɗe cikin hankici. Umma ta yanke shawara. Gobe da safe za ta saka shi a takalmin Abba, ta ce Auta ta nemo.