Man Gyaɗa a Wuyan Fitila

Fitilar ɗaukar hoton ta sake sunkuyar da kai a hankali, ta haske farcen ƙafar Inna Tani, uwar matarsa Gwadabe. Gwadabe mai hoto ya cire idonsa daga kyamara, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa.

Da safe fitilar lafiyarta ƙalau. Ƙara kawai maɗaurin da ke riƙe ta a jikin sandarta yake yi in an murɗa shi, kuma da wannan ƙarar tasa ya shekara yana aiki. Gwadabe ya fita ne nemo wa surukansa fura, da yake tun daga Ruwan Bago suka zo Ƙaraye. Ya dawo ya tarar da uban matarsa, Malam Mijinyawa, yana goge hannu, yana mayar da 'yar kwalbar man gyaɗan da yake zuba wa kekensa cikin aljihu.

“Na ji tana kuka, na ba ta mai,” in ji Malam. “Ƙarfe in ya yi kuka, mai yake nema. Kowa ya san wannan.”

Kowa ya sani ɗin kuwa. Ba dai wanda ya taɓa tambaya ko aikin wannan ƙarfen juyawa ne ko riƙewa.

Gobe da hantsi jami'in alhazai zai wuce Kano da hotunan fasfo. In ba na Inna a ciki, kujerarta ta bana ta tafi. Fim ɗin kuma ya kusa ƙarewa, an riga an ɓata wasu a kan ƙafarta.

Gwadabe ya ɗaga fitilar, ya murɗe kunnen maɗaurin har yatsunsa suka yi fari. Ya cusa takardar kwali. Kwalin ya sha mai, ya sulale.

“Bai ishe ta ba ne,” Malam ya ce, hannunsa ya nufi aljihu.

“A'a, Baba, Allah ya saka da alheri. Hutawa take so.”

Ya za a yi mutum ya dubi uban matarsa ya ce masa ya yi ɓarna? Inna ta gyara mayafi, ta yi magana tana kallon bango, don ba ta haɗa ido da suruki, ba ta kuma kiransa sai da sunan 'yarsa.

“Baban Saude, ni fa bayana ya gaji. Tunda Malam ne likitan fitilar, ya tashi ya riƙe mata wuya mana.”

Haka aka yi. Dattijon ya tsaya da babbar rigarsa, ya tallafe fitilar da hula saboda zafi, gumi na bin gemunsa.

“Sama kaɗan, Baba. Yauwa. Inna, a daure a dube ni, sau ɗaya tak.”

Hoton ya fito, ya kuma bi jami'in zuwa Kano. Gwadabe ya kwance maɗaurin, ya wanke shi da kananzir, ya shanya, ya yanko robar tayar keke ya naɗa a sandar kafin ya ɗaure.

Ranar kasuwa Malam ya biyo gaisuwa. Ya kama wuyan fitilar ya girgiza, ko motsi ba ta yi ba.

“Ka gani ko? Shi mai sai ya kwana yake shiga jiki.”

“Haka ne, Baba,” in ji Gwadabe.

Malam ya juya yana ƙare wa kyamarar kallo. Gwadabe ya ɗauke ta a natse, ya sa a akwati, ya zauna a kai.