Takarda ta Goma Sha Biyu

A gidan Malam Abdulmannan da ke Kankia akwai wani ɗaki da ba a kwana a cikinsa, ba a kuma saukar da baƙo. Abin da ke ciki tsohon ƙyauren katako ne, an kwantar da shi bisa gwangwanayen fenti huɗu, an zana masa kogi da hanyoyi, an ɗora masa tsaunukan laka. Wannan ita ce ƙasar Tambarau, wadda ba ta cikin taswirar kowa, ko da yake mai ita shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin ya yi ritaya. Marafan kwalba su ne dakaru, an cika su da laka don kada su riƙa gudu. Ƙwallon dabino raƙuma ne, ɓawon gyaɗa kwale-kwale. Yamma da kogi birnin Gauraka ne, na Abdulmannan. Gabas kuwa ƙasar Baure ce, ta yayansa Sada.

Dattijo da furfurarsa yana tura marfin lemo da tsinke, ai dole a yi dariya. Mutanen unguwa sun yi tasu har sun gaji sun bar shi.

Tun suna yara suka fara, a ƙasa, bayan zauren mahaifinsu a Kusada. Mahaifin malamin allo ne. Ran da ya kama su da ƙwayar lido, cilla ta ya yi bayan katanga, ya ce ba dai a gidansa ba. Sai suka koma wake. Suka zuba fari da ja a ƙoƙo, in runduna biyu suka haɗu a rufe ido a ɗebo ƙwara uku, fari nasara, ja asara. Abin da wake ya ce ya zauna, ba a sakewa.

Da aiki ya kawo Abdulmannan Kankia, Sada ya zauna a Kusada ya gaji makarantar mahaifinsu, yaƙin kuwa ya biyo ƙane. Daga nan Abdulmannan shi kaɗai yake yinsa. Sada kan rubuto abin da rundunarsa za ta yi, da ajami, da alƙalamin kara da tawadar allo, ya ninke ya ba duk mai zuwa Kankia. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Abdulmannan zai shiga ɗakin ya zauna a kujerarsa ta yamma, ya fara motsa nasa dakarun, sannan ya buɗe takarda ya motsa na yayansa yadda aka rubuta, ko da kuwa kansa abin zai faɗa. Bai taɓa leƙa takarda kafin lokacinta ba. Yana da wannan gaskiyar, kuma yana ji da ita fiye da kima.

Shekara goma sha takwas ana wannan yaƙi a kan ƙyauren nan. Sada kullum ta gadar kogin yake kawo hari, ta babbar ƙofar Gauraka, kullum kuma a kore shi. Yana da wasu raƙuma bakwai da ya jibge can arewa gindin tsauni tun shekarar farko, bai sake bi ta kansu ba. Abdulmannan yakan share musu ƙura yana cewa Yaya ya manta da bayin Allah, sun tsufa a tsaye. In Sada ya zo da kansa, sau uku ko huɗu a shekara, sai ya zauna a kan buzu ta gefen gabas, ya daɗe yana kallon ƙyauren, ya yi 'yar dariya, ya sha furarsa ya tafi. Abdulmannan bai taɓa zama a buzun nan ba. Wurin abokin gaba ne, in ji shi.

Bara da kaka Sada ya kwanta. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, sai ya rubuta takardu goma sha biyu a jere, ya sa wa kowace lamba a baya, ya zuba a gwangwanin madara ya aiko. Bai ƙara sati uku ba ya rasu.

Abdulmannan ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Masu ta'aziyya suka yi ta yaba haƙurinsa. Shi kuwa ya san ba haƙuri yake yi ba, babu dai abin da ya zo masa ne. Ya jira kuka bai zo ba. Ranar aka kawo tuwo ya cinye tas, har ya ji kunyar kansa. Kwana uku, kwana bakwai, kwana arba'in, yana nan kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ya ci gaba da Juma'o'insa. Ya buɗe ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yana tura marafai yana ɗibar wake. Sada ya ƙone masa kwale-kwale shida a takarda ta bakwai, bai ji haushi ba. Shi kuma ya kashe babban jarumin Baure a ta tara, bai ji daɗi ba. Da ya gama ta goma sha ɗaya ya leƙa gwangwani ya ga saura guda, sai ya fito da ita ya ajiye a gefen gabas, ya danne da marfin kwalbar turare wanda shi ne sarkin Baure. A nan yaƙi ya tsaya. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, kowace Juma'a zai shiga ya zauna ya kalli takardar ya fito. Muddin tana ninke, Sada yana da sauran magana guda da bai faɗa masa ba, kuma ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Ranar wata Laraba ya tafi Kunduru duba gona, hadarin farko ya taso da rana tsaka. Iska ta banke tagar ɗakin, ta kifar da sarkin Baure, ta yi waje da takardar. Matarsa Safiyya tana ta kwasar shanya a tsakar gida sai ta hango 'yar takarda a bakin kwata, baƙaƙen larabci na leƙowa ta ninkin. Akwai makarantar allo ta Malam Bube a maƙwabta, iska ta saba kwaso musu irin waɗannan. Ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya: ta ɗauka da hannun dama, ta kaɗe, ta ɗaga ta cusa a tsagar katanga can sama inda ƙafa ba za ta taka ba. Tsagar kuwa daidai ƙarƙashin indararo take. Aka yi ruwa ranar, aka ƙara washegari.

Ran Juma'a Abdulmannan ya shiga ya ga marfin turare a kife, babu komai ƙarƙashinsa. Ya duba bayan ƙyaure, ya ɗaga buzu, ya zazzage gwangwani. Sannan ya fito.

"Safiyya, ba ki ga wata 'yar takarda ba, ninkakkiya, mai ajami?"

"Ta ran Laraba? Na ɗauke ta, Malam, ga ta can sama. Halan ta almajiran Malam Bube ce."

"Ta Yaya ce."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ta san da takardun, amma a gwangwani ta san su, ba ta taɓa ganin cikinsu ba. Ita ta hau turmi ta zaro ta. Takardar ta jiƙe sharkaf. Abdulmannan ya ɗora ta a faranti, ya buɗe ninkin a hankali da bakin wuƙa. Tawadar allo dai don a wanke aka yi ta, ta kuwa wanku. Toka-toka ne kawai ya bazu daga sama har ƙasa, ko wasali guda bai tsira ba. Ya shanya ta a rana ko wani abu zai fito, ya ɗaga ta ya duba ta haske. Babu.

"Wallahi Malam ban sani ba. Gudun kar a taka sunan Allah na yi."

"Daidai kika yi," in ji shi. "Ba komi."

Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi. Ta zauna bakin murhu tana kuka, shi kuma yana tsaye da faranti yana mamakin yadda kuka yake zo wa wasu ba wuya. Ya lura miya na neman ƙonewa, ya gaya mata.

Washegari ya hau mashin ɗinsa ya nufi Kusada. Gonaki sun yi duhu da ruwa, mutane sun fito shuka, mai sara a gaba masu binnewa a baya. Ya ga duk wannan bai ji komai ba. Saudatu, matar marigayin, ta fita takaba da daɗewa, ya same ta tana gyaran irin gyaɗa. Da can ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, yau kuwa gaisuwa kawai aka yi. Ya ba ta labari a taƙaice.

"Yaya Saudatu, ke kika riƙe mashi tawada. Ko ya hwaɗa maki abin da ya sa a ta ƙarshen?"

"Ni mi na sani da yaƙin marafanku? Na dai ga ya daɗe a kanta. Sauran duk nan da nan ya gama, wannan kau ya ajiye alƙalami ya ɗauka ya fi sau nawa."

"Bai ce komi ba?"

"Bai ce ba." Ta ci gaba da tsince gyaɗa, can ta ɗago. "Abin da na sani, duk ran da ya dawo daga gidanka shina shigowa da dariya, ya ce, Mannan dai har yau bai gani ba. In ce bai ga mi ba? Ya ce bar shi, kar ki tada min shi."

Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. Ya yi mata sallama ya juyo.

Bai ga me ba? Da la'asar ya shiga ɗakin ya zauna a kujerarsa, ya bi ƙyauren da kallo tun daga gada har bakin tsauni. Shi ya zana kogin nan, shi ya murza tsaunukan da hannunsa. Babu abin da bai sani ba. Ya miƙe zai fita, sai idonsa ya sauka kan buzun, gashinsa ya kwanta a tsakiya inda mai shi ya saba zama. Ya zagaya, ya cire takalmi, ya zauna.

Daga nan ƙasa abin dabam yake. Tsaunukan arewa, waɗanda daga kujerarsa suke haɗe kamar bango ɗaya, ashe biyu ne, ɗaya ya ɗan sha gaban ɗaya. Tsakaninsu akwai hanya mai faɗin yatsa biyu, ta miƙe ɗoɗar har gefen Gauraka, gefen da bai taɓa yi wa ganuwa ba saboda ya dogara da tsauni. A bakin hanyar kuwa raƙuman nan bakwai ne a tsaye, kawunansu na kallon ciki.

Ya ɗauki tsinke ya auna. Tafiyar Juma'a uku ce. Ya sake aunawa, malamin labarin ƙasa, ko ya yi kuskure. Uku ce. A kowace shekara cikin sha takwas ɗin nan, da layi biyu na ajami Sada zai shigo ya cinye birnin, a naɗe yaƙi, kowa ya kama gabansa. Sai ya zaɓi ya riƙa zuwa gada ana korarsa, ya sake ɗaukar alƙalami wani satin, ya nemi mai zuwa Kankia.

To a ta goma sha biyun fa, da ya daɗe a kanta? Ya saki raƙuman ne don ya sallami ƙanensa, ko ya sake komawa gada? Abdulmannan ya juya ya kalli takardar a kan faranti. Ta bushe ta yi ƙwari, babu komai a kanta.

Ya miƙa hannu ya kwashi marafai uku daga cikin nasa, don soja ba ya ganin ɓaraka ya ƙyale. Ya kai su daidai bakin hanyar. Hannun ya tsaya a sama, ya ƙi sauka. Wani abu ya taso masa daga ciki mai zafi, irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya fara dawo mata.

"Yaya," ya ce, muryar ta fito a karye. "Na gani."

Safiyya da ta zo kiransa cin abinci ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji kukan da ya ƙi zo masa tun kaka, sai ta koma a hankali. Shi kuwa ya mayar da marafan inda suke, ɗaya bayan ɗaya, ya bar hanyar a buɗe.