Kada Ruwan Ya Kwanta

…in ɗebo, in ɗaga hannu, in zuba. In sake ɗebowa. Haka ka ce ko, Auta? Daga sama, yadda zai yi kumfa. To ga shi ina yi. Tun hantsi nake yi, tun da injin da ke juya ruwan ya yi wani tari irin na tsoho, ya yi ƙaurin roba, ya yi shiru. Duk ranakun Allah bai ga ranar mutuwa ba sai yau da aka shiga da kai ɗakin tiyatar zuciya.

Daga ni sai akwatin gilashinka na kifaye a falo. Matarka na can bakin ƙofar da suka shige da kai, yayyenka ma suna can. Ni aka ce in zauna gida saboda hawan jini. "Mama, ke ce mai gadin teku," ka ce, kana dariya, leɓenka da wannan shuɗin da na sani tun kana zanin goyo. "Abu ɗaya kawai, kada ruwan ya kwanta. In ya kwanta, numfashinsu ya ƙare."

Numfashin wa? Duwatsu?

Ai duwatsu na ɗauke su da fari. Ranar da na ga kana auna gishiri daga bokiti kana damawa a ruwa, me na ce maka? Na ce yau na ga mai sa wa kifi gishiri tun yana da rai, saura albasa. Ka ce ba gishirin miya ba ne, na teku ne. Na ce kifin da ba ya shiga tukunya, kuma sai an yi masa fitila da fanka kamar baƙon kunya? Ka yi dariya har sai da ka dafe ƙirji ka zauna…

In ɗebo. In zuba.

Mai gyaran wutar nan na ƙarshen layi ya zo ɗazu, ya ciro injin, ya sansana shi. "Hajiya, wannan ya riga mu gidan gaskiya. Bari in zaga kasuwa ko a dace. In ban dawo da wuri ba, ki soya su kafin su lalace." Ja'iri. Ya tafi da shi a aljihu — ɗan abu kamar dunƙulen hannu. Wai shi ke yin aikin da kafaɗata ke yi yanzu, dare da rana, bai taɓa cewa wash ba.

Na cire zobena, ka sani? Zoben da ko kwaɓin fulawa ba ya sa in cire shi. Na tuna ka ce ban da ƙarfe, ban da sabulu, ban da man shafawa. Na ɗauraye hannu da ruwa zalla har gwiwa, na ɗauko kofin robar da ka ware musu. Kamar mai shiga wuri mai tsarki.

Murjani…

Innata tana da shi. Jajaye, a zare, cikin wani gwangwani ƙarƙashin gado. Ina ƙarama nakan saci ɗaya in sa a baki in ji sanyinsa. Na girma, na yi aure, na haife ku, na tsufa, ina zaton dutse ne da ake haƙowa kamar sauran duwatsu. Sai da ɗan autana ya kama hannuna ya ce, matso Mama, kawo idonki kusa da gilashi. "Gida ne. Masu gidan suna ciki, kowanne da bakinsa." Ashe gari guda Inna ke ratayawa a wuya! Kangon gari. Ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Ga su nan, masu gidan. Da injin ya tsaya duk sun shige ciki, sun rufe ƙofa. Koren nan mai kama da ciyawa ya zama fata kawai a kan dutse. Yanzu fa… dubi. Duk inda ruwan kofina ya sauka, sai su leƙo. Ɗaya. Sai na kusa da shi. 'Yan yatsu sirara, sun fi gashin ido ƙanƙanta, suna buɗewa suna kaɗawa wajen da na tura ruwan. In na zuba ta dama, su kwanta hagu. Ni suke bi! Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wa abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba baki da ciki da sanin yunwa.

Sun san ba teku ba ce? Sun san wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa a kan kujerar roba?

Sau ɗaya na ga teku, ta tagar jirgin sama. Shimfiɗe kamar faranti, ba komai a kai. Na ce ashe iyakarta ke nan, na gyara mayafi na yi barci. Ban san abin da na ƙetare ba. Wannan akwatin da zan iya rungumewa da hannu biyu ya cinye mini kafaɗa kafin la'asar. To waccan fa? Wa ke ɗebowa yana zubawa? Tun kafin a haifi kakan kakana, ba hutu, ba canjin hannu, kuma ko ɗan bakin da ke can ƙarƙashin duhu sai rabonsa ya iske shi…

Wannan hannun dai. Shi ne na mafici. Kana kwance a cinyata, ƙirjinka na hawa da sauka kamar na ɗan tsako, ina fifita, ina fifita, yara na ta gudu a waje. Ba gudu, in ji likita. Ba ƙwallo. Ba iyo. Sai in cika maka baho in ajiye a inuwa, ka wuni kana tura murfin kwalba a kan ruwa. Da aka hana ka zuwa wurin teku, sai ka girma ka kawo ta falo. Yau na gane. Ai da ka faɗa mini.

Kai! Wane ne wannan? Jatan landen nan mai jan baya da farin layi ya hau mini yatsa. Da dogayen gashin bakinsa. Yana tsintar gefen farcena, a hankali, kamar wanzami. Shi ne wanda ka ce kifaye na zuwa wurinsa su buɗe baki ya share musu, kuma ba mai haɗiye shi? Sannu da aiki, malam. Ni ba kifi ba ce, amma na gode. Ka ga na tsaya saboda kai — sauka, sauka, ruwa zai kwanta.

Kifin nan mai ruwan lemo da farar ɗamara ya daina hawowa sama yana haki. Ya koma cikin furensa, furen da ka ce yana harbin kowa ban da shi. Alhamdu lillahi. Amma murjanin can na sama mai rassa, wanda ka samo bai fi farce ba ka manna a dutse tun kafin aurenka, yanzu ya kai tafin hannu… bakin reshe ɗaya ya yi fari. Da ma haka yake? Ka ce in sabon toho ne fari yake fitowa, in mutuwa ce ma fari take farawa. Yaya zan bambance? Ba ka koya mini wannan ba, Auta. Sai ka dawo ka duba da kanka. Ka ji ko? Da kanka.

Matarka ta ce za su tsayar da zuciyar. Tsayarwa ɗungurungum. Wani inji ya karɓi aikin, ya riƙa juya maka jini har su gama ɗinki, sannan su ce mata tashi. In ta tashi. Wa ke tsaye kan wancan injin? Ya ci abinci? Hannunsa…

A'a. In ɗebo. In zuba.

Rana ta bar kan labule. Yatsuna sun yi yaushi, gishiri ya bushe fari a damtsena. Kofin nan da ba shi da nauyin komai ya zama turmi. Koren ya buɗe duka yanzu, duka, yana kaɗawa kamar gona da iska ta ratsa. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko kuwa ban taɓa tsayawa na duba ba…

Waya.

Tana can kan firji inda na bar ta. Tana ruri. Matarka ce, ba shakka. Taku kaɗan ne, na sani. Ba abin da zai same su kafin in je in dawo, wannan ma na sani. Amma muddin hannun nan na ɗagawa, komai na nan yana numfashi, kowa da kowa, ba wanda aka ce mini komai a kansa…

Ina zuwa. Ina zuwa, 'yar nan.

Bari in ƙara kofi ɗaya.