Ɗigon Ruwan Kwatami

Shekara biyu Malamar Kimiyya ta yi tana neman awa biyu. Ba wani abu take so ba illa ta kai 'yan matan ajinta, su talatin da biyu, cibiyar binciken ruwa da ke ƙarshen gari, kowacce ta kafa idonta a madubin ƙara girma ta ga abin da ke yawo a cikin ɗigon ruwa. Makarantarsu tana da irin madubin guda ɗaya, amma gilashinsa ya fashe tun kafin a ɗauke ta aiki. Yana nan cikin kabad ɗin ofis an lulluɓe shi da leda, sai in baƙi za su zo ake fito da shi a goge masa ƙura. Don haka a allo take zana musu ƙananan halittun, su kwafa, su haddace sunayen, su ci jarrabawa. Zane suke yi tsaf kuwa, har da 'yan gashin gefe. Amma ta san a can cikin ransu ba su bambanta abin da tatsuniya ba.

Ita ta taɓa gani tana 'yar shekara sha shida, ran da wani malaminsu ya aro madubi ya kawo aji. Abin da ta gani ran nan shi ya mai da ita malamar kimiyya, kuma shi take so ta ba yaran nan ko da sau ɗaya ne kafin su bar hannunta. Bana ce shekararsu ta ƙarshe.

Takarda bakwai ta rubuta wa cibiyar. Uku sun ɓace a teburin wani, ɗaya an dawo da ita wai ba hatimi. Takalminta ya cinye a zirga-zirga kafin aka ce su zo ranar Talata, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, ba ƙarin minti ko ɗaya, domin da sha biyu ma'aikatan ke fara gwajin ruwan shan gari.

Da safiyar Talatar ta zaga bayan aji da kwalba, ta durƙusa a bakin kwatami ta ɗebi ruwan nan mai kore-kore. So take su ga abin da suke tsallakawa kullum, ba wani ruwan da aka shirya musu ba. Ƙarfe takwas da rabi yara sun shiga bas, direba ya tayar da mota, sai ga masinja da saƙo: Shugabar makaranta ta ce a jira ta, ita ma za ta.

Shugaba ba muguwar mace ba ce, sunan makaranta ne dai ya fi komai tsaya mata a rai. Sai tara da kwata ta iso, ta ci ado, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga harabar. Ta sa aka sauko da yaran gaba ɗaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba farce da safa. Ta aika a ɗauko ƙyallen nan mai sunan makaranta a ɗaura a jikin bas, aka rasa igiya, aka shiga nema. Sannan ta gyara tabarau ta yi musu nasiha.

"Wurin manya za mu. Ban da surutu, ban da taɓe-taɓe. Duk abin da aka nuna muku ku ce kun gode. Kada wadda ta yi mini tambayar da za a ce ba a koyar da ku komai." Ta juya ta nuna wata siririyar yarinya a layin baya. "Ke musamman. Ke ce ta ƙarshe a kowane layi, kuma ki ɗinke bakin nan."

Yarinyar ita ce ake kira Me-ya-sa, don ba a taɓa faɗin magana a gabanta ta bar ta ta wuce lafiya ba. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin jakarta.

"Ranki ya daɗe, lokaci fa," in ji Malama a hankali.

"Lokaci na Allah ne, Malama. Kin cika gaggawa."

Malama ta haɗiye abin da ya taso mata, ta rungume kwalbarta ta shiga mota.

Sha ɗaya saura minti goma suka isa. Tana saukowa ta nufi ƙofar da aka rubuta ɗakin gwaji, amma wani mai kwat ya tare ta da fara'a, ya ce Darakta yana jiran su a zauren taro. Ashe da aka ji Shugaba da kanta tana tafe, sai aka ga bai dace a tarbe ta a tsaitsaye ba. An jera kujeru, an shimfiɗa wa tebur farin zane, har da lasifika.

Darakta ya miƙe ya ce ba zai tsawaita ba. Ya fara daga shekarar da aka haƙa harsashin ginin. Ya bi daraktocin da suka gabace shi ɗaya ɗaya, ya yi bayanin muhimmancin ilimin 'ya'ya mata har ya share gumi, 'ya'ya matan kuwa suna zaune a gabansa suna kallon fanka. Da ya zauna, Shugaba ta ga ai ba za a bar jawabi irin wannan ba amsa ba, ta zaro takarda daga jaka. Malama tana gefe tana kallon agogon bango, kwalbar tana kan cinyarta, ji take kamar ta tashi ta cire wayar lasifikar daga soket. Takaici ne ya cika ta, kuma dole ta yi tafi duk inda aka yi tafi.

Sha ɗaya da minti talatin da biyar aka sake su.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wata gajeruwar mace da farar riga da safar roba a hannu, ta tarbe su a bakin ƙofa. Ɗakin dogo ne, mai sanyi, yana warin maganin wanke ƙasa, kwalabe jere a kan kanta kowacce da lambarta.

"Sannu, Malama. Tun tara da rabi na jera muku madubi goma," in ji ta. "Da sha ɗaya ta yi ba ku shigo ba, masu su suka kwashe suka koma aiki. Ɗaya ya rage."

"Ɗayan ma ya isa, 'yar'uwa. Don Allah ga ruwan."

Matar ta ɗaga kwalbar ta duba ta a hasken taga, ta yi murmushi. "Wannan ai gari guda kika kawo." Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan siririn gilashi, ta rufe da wani, ta kunna 'yar fitilar ƙasan madubin, ta sa ido tana murza wani ƙullutu a gefe kaɗan-kaɗan. "Yauwa, ga su nan suna ta hidima. A leƙa kawai, kada a taɓa komai." Ba ta rufe baki ba mai kwat ɗin ya leƙo ya ce Darakta yana neman ta da rajistar baƙi, yanzu-yanzu. Ta cire safar ta fita.

Malama ta yi lissafi a tsaye: yara talatin da biyu, daƙiƙa talatin-talatin, minti sha shida. Zai yi, in ba a yi wasa ba. Ita ba sai ta leƙa ba, ta riga ta gani. Ta jawo Monita, shugabar ajin, ta kai ta gaba.

Shugaba ta yi gyaran murya. Ai ba a fara abu da yara babba yana tsaye. Malama ta ja da baya. Shugaba ta ɗage tabarau zuwa goshi, ta sunkuya, ta lumshe ido ɗaya. Hannunta ya kai kan ƙullutun nan ta murza shi sosai, yadda ta ga mai farar riga ta yi, ta sake murzawa. A daidai lokacin Malama ta juya tana daidaita layi, ba ta ga komai ba.

"Ikon Allah," in ji Shugaba da ta ɗago. "Abin mamaki. To, ku yi sauri, wadda ta gama ta same ni a waje wurin hoto."

Layi ya fara tafiya. Malama ta tsaya a gefen tebur, idonta a agogon hannunta.

"Kin gani?"

"Na gani, Malama," in ji Monita.

"Ta gaba. Kin gani?"

"Na gani, Malama. Na gode."

Haka suka riƙa wucewa, kowacce ta sunkuya, ta ɗan jima, ta ɗago ta amsa da ladabi ta fita. Wani abu ya ɗan taɓa zuciyar Malama. Ita ran da ta gani, tsalle ta yi da baya har ta ture kujera. Waɗannan kuwa ko gira ba su ɗaga ba. Sai ta ce a ranta nasihar safe ce ta ɗaure su, a mota za su fashe da labari. Ta ci gaba da ƙirga daƙiƙa, har wani daɗi-daɗi ya fara shigar ta ganin layin yana ƙarewa a kan lokaci.

Sha biyu saura huɗu, Me-ya-sa ta sunkuya. Daƙiƙa talatin suka cika ba ta ɗago ba. Ta sauya ido. Ta sake sauyawa.

"Kin gani?"

"Malama, ni fa ban ga komai ba. Fari ne kawai."

"Ke dai ba kya rabo da rigima. Buɗe idon da kyau."

"A buɗe yake. Fari ne fat, ko ɗigo babu."

Malama ta yi tsaki ta matsar da ita, ta sa nata idon. Fari ne. Wata da'irar haske kawai, kamar an haska tocila a jikin bango.

Ana haka mai farar riga ta dawo da sauri tana sa safar hannu. Ta leƙa, ta ce, "Wa ya taɓa mini saiti?" Ta murza ƙullutun baya, sau biyu da rabi, ba ta fi daƙiƙa biyar ba. "Leƙa yanzu, 'yata."

Me-ya-sa ta leƙa. Sai ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. "Suna motsi," ta ce da ƙaramar murya. "Malama, wani yana juyi. Ga wani ya buge shi ya wuce."

Malama ba ta tsaya ji ba. Ta fita a guje, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. A kan matattakalar gaban ginin ta tarar an jera yaran sahu uku, dogaye a baya, Darakta da Shugaba a tsakiya, mai hoto yana cewa a matso.

"Ranki ya daɗe, a dawo da su. Madubin ya goce, ba su ga komai ba. Minti goma kawai."

Shugaba ta dube ta ta saman tabarau, murmushin hoto bai bar fuskarta ba. "Wane irin ba su gani ba? Ni da kaina na gani." Ta juya ga yaran. "Kun gani ko ba ku gani ba?"

"Mun gani," suka amsa baki ɗaya.

"To kin ji. Shigo ki tsaya a gefena, Malama, kada ki ba mu kunya a gaban mutane."

Malama ta waiwaya. Ta cikin taga ta hango ana shigar da akwatunan kwalaben ruwan gari ɗakin gwaji, mai farar riga ta riƙo hannun Me-ya-sa ta fito da ita, ta ɗaga wa Malama hannu alamar ba yadda za ta yi, ta rufe ƙofa. Haka aka ɗauki hoton da Malama a ciki.

Shugaba ta tsaya shan shayi da Darakta, ta ce direbansa zai mayar da ita. A cikin bas ba mai magana sai Me-ya-sa, wadda bakinta ya kwance gaba ɗaya. Tana ta ba ta kusa da ita labari: akwai mai kama da tafin takalmi, akwai kore mai wutsiya, kuma ba sa tsayawa ko kaɗan, kuma ana ganin abin da ke cikin cikinsu. Tun ana yi mata kallon mai ƙarin gishiri har kujerun gaba suka fara juyowa. Can wata ta ce, ita ta ɗauka farin shi ne abin da aka zo gani.

Malama ta miƙe ta riƙe ƙarfen sama. Ta yi niyyar yin faɗa, faɗan da ta tara tun takwas da rabi, amma da ta buɗe baki muryarta ba ta fito da ƙarfi ba.

"Ni na tsaya a gefenku. Ni na tambaye ku, ɗaya bayan ɗaya. Me ya hana ko mutum ɗaya ta ce mini ba ta gani ba?"

Monita ce ta ɗago daga ƙarshe.

"Shugaba ta ce ta gani, Malama. In na ce ban gani ba, kamar na ƙaryata ta ne." Ta murza yatsunta. "Kuma mun san wahalar da kika sha a kan tafiyar nan. Kina tsaye kina ta duba agogo. Ba mu so ranki ya ɓaci."

Malama ta koma ta zauna. Da a ce rashin kunya suka yi mata, da ta san abin da za ta yi da su. Wannan kuwa ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ta juya fuskarta wajen taga don kada su ga idonta.

Sun kusa kwanar makaranta wata 'yar ƙarama a kujerar bayanta, wadda ta fi kowa iya zane a ajin, ta taɓa kafaɗarta.

"Malama, da gaske akwai su a ciki?"

"Akwai su," in ji Malama.

"To, Malama," yarinyar ta ce da ladabi, ta koma ta jingina.