Saura Direba

Tun da likita ya hana Baba tuƙi saboda jirin da ke ɗibarsa, gidan ya koma kamar ɗakin jira na asibiti. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, wanda in ya yi dariya a falo ake ji har titi, shi ne yanzu ke wuni a kujera ɗaya yana kallon labule. Abin yana cin Auta a rai. Ita ce ƙaramar 'yarsa, gyaran waya take yi, ta saba in abu ya ƙi aiki ta ɓalle bayansa ta ga dalili. To, Baba ba shi da murfi.

Sai ta ji labarin wani sabon wasan kwamfuta da ake tuƙa manyan motoci a ciki, har da gada da ruwan sama da 'yan sandan hanya. Ta aro sitiyarin roba a shagonsu, ta sa wasan a tsohuwar kwamfutar gidan, wadda Umma ke kira Gwaggo saboda nishin da take yi kafin ta tashi. Gwaggo ta yi iya ƙoƙarinta. Motar ta fito, ta yi taku ɗaya, ta tsaya tunani, ta sake yin ɗaya. Baba ya kalle ta da wutsiyar ido.

"Wannan ko tura ta aka yi ba za ta kai gareji ba," ya ce, ya koma ga labulensa.

Auta ta san ciwon. Katin hoton Gwaggo, wato abin da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, ya tsufa tukuf. Da abokin aikinta ya canza nasa, ta karɓe tsohon, wanda a wurin Gwaggo sabo ne fil. Ranar Asabar da safe ta baje shi a teburin cin abinci.

"Wannan ne katin?" in ji Umma. "Ni na ɗauka irin na banki ne. Wannan ai bulo ne aka sa wa fanka biyu."

"Zafi yake yi in yana aiki, Umma."

"Kamar ubanki ke nan."

Da can, da tuni Baba ya rama.

Auta ta kwance gefen Gwaggo, ta yi ta atishawa saboda ƙurar da ta taru a ciki. Ta zare tsohon katin, ta zo saka sabon, ya ƙi shiga. Ya fi gidan kwamfutar tsawo da kamar yatsa biyu, hancinsa na tokare wani kejin ƙarfe da ke riƙe da ma'ajiyar bayanai. Ta juya shi, ta lallashe shi, ta yi masa baƙar magana ƙasa-ƙasa don kada Umma ta ji. A ƙarshe ta cire kejin gaba ɗaya, ta ɗaure ma'ajiyar a gefe da igiyar takalmin yayanta, wanda ba ya nan balle ya yi ƙorafi. Akwatin da ke ba Gwaggo wuta ma sai da ta canza, don sabon katin akwai ci. Wani ƙarfe ya yanke ta a yatsa, ta tsotse ta ci gaba.

Ta kunna. Fankokin suka juya, allo ya kawo, amma komai ya fito ƙato-ƙato kuma dishi-dishi.

"Ya yi?" Umma ta tambaya.

"Saura direba. Sabon kati ba ya aiki sai da direba, Gwaggo kuwa ba ta da shi."

'Yar manhajar da ke haɗa kati da kwamfuta take nufi, haka suke kiranta a shago. Ta duƙa tana neman ta, ba ta ma ji ƙarar kujera a bayanta ba. Sai da inuwa ta rufe allon ta ɗago. Baba ne tsaye, ya saka tabarau, ya ɗora tsohon tawul ɗinsa na hanya a kafaɗa, wanda rabon da a gan shi tun ranar da ya miƙa makulli.

"Wa ya ce babu direba a gidan nan?"

Auta ta buɗe baki za ta yi bayani, Umma ta take mata ɗan yatsan ƙafa, takun gaske. Ta haɗiye bayanin.

"Yi haƙuri, Baba. Bari in gama duba mai da ruwa."

Ya tsaya yana jira, hannu a baya, har manhajar ta gama sauka. Allon ya ɗauke, ya dawo garau. Ga hanya shimfiɗe, ruwa na sauka a gilashi ɗigo-ɗigo. Baba ya zauna, ya ja kujerar gaba, ya kai hannu zai gyara madubin da babu shi. Ya yi bismillah, ya sa sigina, ya hau titi.

Sai dai tafiyar, kai ka ce ƙwai ya ɗauko. Ƙananan motoci na ta wuce shi suna hon. Ya tsaya wa jar danja ko da babu kowa a mahaɗar.

"Baba, na sha wahalar nan ne don motar ta yi gudu fa," in ji Auta. "Da tsohon katin ma mun fi haka sauri."

"Ke da kika san kati, tsaya a kan kati."

"Wasa ne, ko ka yi karo ba abin da zai faru."

Baba ya yi dariya, irin wadda ake ji har titi, har Umma ta juya ta shige kicin da sauri tana goge ido. Bai ɗauke kai daga hanyar ba, ya miƙa hannu ya jawo wata kujera kusa da tasa, ya bubbuga ta.

"Zauna nan ki yi mini shiru. Ban taɓa gudu da 'yata a mota ba, ba yau zan fara ba."